Taron kamfani ta intanet: ka kafa naka ko ka kama haya?

Wani ɗan kasuwa mai harkar kayan masarufi a Kano, da rassa a Kaduna da Gusau da abokan ciniki a Maraɗi, ya aika a kira ni ofishinsa wata ranar Talata a farkon 2024. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ya miƙo mini wayarsa yana nuna mini saƙon banki. "Malam, dubi nan. Zoom ɗin nan da muke biya, bara nawa aka cire, bana nawa? Yaron nan namu ya ce akwai wanda za a ɗora mana a kwamfutarmu a nan ofis, kyauta, mu huta da dala." Na ce, "Akwai shi, ranka ya daɗe, yaron bai yi ƙarya ba. Sai dai kafin mu zo kan kyautar, ina so a nuna mini ɗakin da za a ajiye kwamfutar, a kuma faɗa mini wanda za a buga wa waya ranar da ta tsaya ana tsakiyar taro." Ya yi dariya, ya ce ai wannan mai sauƙi ne. Aka kai ni wani sito a bayan ofis, katan-katan na takardu sun kusa taɓa rufi, taga ɗaya ce kuma ba ta rufuwa sosai. Ƙurar hunturu ta kwanta a kan komai, har kana iya rubuta sunanka da yatsa.

Tambayar Alhaji ta zama ruwan dare tun bayan korona. Da aka kulle gari, har Majalisar Zartarwa ta Tarayya sai da ta yi zamanta ta intanet a watan Mayun 2020, Zoom kuwa ya ce masu shiga taro a kansa a kullum sun tashi daga miliyan 10 a Disambar 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020. Annoba ta wuce, al'adar ta zauna daram. Yau da wuya ka ga kamfani mai rassa biyu da ba ya haɗa manajojinsa ta waya ko kwamfuta, ko da sau ɗaya ne a mako, balle yanzu da hanya ta zama abin da ta zama, ga tsadar mai ga fargabar tafiya.

Hanyoyin biyu ne. Ta farko haya ce: ka buɗe asusu a Zoom ko Google Meet ko Microsoft Teams ko Webex, ka biya duk wata ko duk shekara, su ne da manyan kwamfutocin, su ne da wuta, su ne da gyara. Ta biyu ka kafa naka: ka samo babbar kwamfutar nan da masu sana'ar ke kira saba, ka ɗora mata manhajar taro, duk murya da hoton da ma'aikatanka suka aiko su ratsa ta cikinta. Manhajojin da aka fi sani a nan kyauta suke, kowa na iya saukewa. Akwai Jitsi, wadda Emil Ivov ya fara a 2003 yana ɗalibi a Jami'ar Strasbourg ta Faransa, kamfanin 8x8 ke kula da ita tun 2018. Akwai BigBlueButton da aka faro a Jami'ar Carleton ta Kanada a 2007 don koyarwa daga nesa. Akwai Nextcloud Talk ta Jamus. Akwai kuma na kuɗi da ake ɗorawa a gida, irin su Cisco Meeting Server da Pexip, amma waɗannan na masu hannu da shuni ne, kuma lasisinsu ma da dala ne, don haka wanda dala ta kora ba can zai nufa ba.

Mu fara da kuɗin, tunda shi ya tayar da maganar. Ƙorafin Alhaji gaskiya ne. Lasisin Zoom na ƙananan kamfanoni yana wajen dala 15 a wata ga mutum ɗaya, ko sama kaɗan. A ɗauka lasisi biyar ne: dala 900 ke nan a shekara. Kafin a saki naira a Yunin 2023, lokacin da farashin hukuma yake wajen naira 460, kuɗin bai wuce naira dubu 414 ba. Da dala ta haura naira 1,500 a Fabrairun 2024, lasisi biyar ɗin nan dai suka koma naira miliyan ɗaya da dubu 350, alhali Zoom bai ƙara maka komai ba. Ga kuma wahalar biyan kanta: daga 2022 bankunan Najeriya suka yi ta rage abin da katin naira ke iya saya a waje har suka dakatar, sai a tsakiyar 2025 wasunsu suka dawo da shi. A tsakanin nan mutane da yawa sun sha roƙon ɗan'uwa mai asusun dala ya biya musu. Wannan ita ce babbar illar haya a wurinmu: ana cinikinka da naira ko sefa, ana cajinka da kuɗin wata ƙasa.

Sai dai akwai abin da mutane kan manta. A Zoom, mai kiran taro ne kawai yake buƙatar lasisi, waɗanda aka gayyata suna shiga kyauta. Kamfani mai ma'aikata 60 yana iya wadatuwa da lasisi uku ko huɗu. Na kyautar ma yana ɗaukar mutum 100, sai dai ya yanke a minti 40; Google Meet da Teams na kyauta suna kaiwa minti 60. Sannan duk kamfanin da ya riga yake biyan Google Workspace ko wani tsarin Microsoft 365 mai ɗauke da Teams don imel da takardu, to ya riga ya biya kuɗin ɗakin taro ko ya sani ko bai sani ba. Na sha ganin ofis yana biyan biyu a lokaci guda, ba don komai ba sai don ba wanda ya zauna ya duba.

To shi na gidan fa, da aka ce kyauta ne? Manhajar ce kyauta. Masu BigBlueButton sun rubuta abin da sabarsu take so ƙarara: ƙwaƙwalwa gigabait 16, injin sarrafawa mai kai 8, wurin ajiya gigabait 500 idan za a riƙa naɗar taruka, da layin intanet mai megabit 250 shiga da fita daidai wa daida. Jitsi ba ta kai haka ci ba, ƙaramar saba tana ɗaukar taron mutum goma sha ko ashirin. Amma kwamfutar ita ce mafi arha a cikin lissafin, sau ɗaya ake sayenta. Abubuwan da ke cin kuɗi duk wata guda uku ne: layi, wuta da mutum.

Layin shi ne inda na fi ganin mutane suna faɗawa rami, don haka bari in ɗan tsaya a kansa. Sabar taro aikin dillali take yi. Kowa ya aiko mata hotonsa da muryarsa sau ɗaya, ita kuma ta rarraba wa duk sauran. Idan mutum 20 suna taro daga garuruwa daban-daban, kowannensu yana karɓar kamar megabit ɗaya da rabi, to megabit 30 ne ke fita daga ofishinka a kowace daƙiƙa, ba tsayawa, har a tashi. Fita na ce. Yawancin layukan da ake sayar wa ofisoshi an gina su ne don saukewa: suna da faɗin ƙofar shigowa, ƙofar fita kuwa ƴar tsukukuwa. Sai ka ga mutum yana alfahari da cewa layinsa na gudu, ya kalli bidiyo ba ya tsayawa, amma mutum takwas na kunna kyamara a sabarsa murya ta fara yankewa. Layin da ke ba da shiga da fita daidai, wanda aka keɓe maka kai kaɗai, shi ake buƙata, kuma a Kano ko Sakkwato ko Damagaram ba kayan arha ba ne. Bayan haka saba tana son adireshin intanet tsayayye nata na kanta, wanda na waje zai iya ƙwanƙwasawa. Layukan wayar salula da tsarin Starlink na gida-gida yawanci mutane da yawa suke haɗawa a adireshi ɗaya, ka iya fita ta cikinsa amma ba a iya shigo maka. Wanda ya yi niyyar rataya sabar kamfani a kan ƴar na'urar intanet mai ɗaukar sim ya ma daina wahalar da kansa.

Amma a nan ɗin dai na gida yake da wata fa'ida da haya ba ta da ita. Idan masu taron a harabar wuri ɗaya suke, kamar masana'anta a Bompai ko Sharaɗa mai sassa da yawa, ko asibiti, ko jami'a, ko kuma rassan da kamfani ya riga ya haɗa da layinsa na kansa, to maganar ba ta fita waje sam. Ba data ake ci ba, ko intanet ya ɗauke taro na ci gaba. A haya kuwa, mutum biyu da bango ɗaya ya raba, muryarsu na iya zuwa wata cibiya a Turai ko Afirka ta Kudu kafin ta dawo. Ƙa'idar da Hukumar Sadarwa ta Duniya ta bayar ita ce, idan jinkirin murya bai wuce kashi 150 cikin dubu na daƙiƙa ba, hira na tafiya lafiya. Ya wuce haka sosai, sai a fara cin karo, kowa na cewa "ci gaba, ina jin ka". Kuma wanda yake aiki ranar 14 ga Maris 2024 bai manta ba: wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi ta rarrafe a Najeriya da Gana da maƙwabtansu, har bankuna suka shiga ruɗani. A rana irin wannan, sabar da ke cikin ƙasa, wadda layinta ya haɗu da sauran kamfanonin sadarwa a IXPN, wato mahaɗar da layukan intanet na Najeriya ke haɗuwa da juna, ba ta buƙatar teku don haɗa Kano da Legas. Fa'ida ce ta gaske, sai dai a tambayi kai sau nawa irin wannan rana take zuwa, a gwada da sau nawa wuta ke ɗaukewa a unguwarku.

Saba ba ta barci. A ɗauka tana jan wat 300: a wata guda yunit 216 ke nan. A farashin Afrilun 2024 na rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawa a rana, lokacin da aka ɗaga yunit zuwa naira 225, wajen naira dubu 48 da ɗari shida ya kama. Wannan kafin na'urar sanyaya ɗaki, wadda ta fi sabar cin wuta, kuma ba makawa sai da ita a garin da zafin bazara ke haura digiri 40. Kafin inbata da batura, kafin janareta da dizal. Lissafin kuma na ranar da akwai wutar ne. A ƙarshen Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun yi fiye da mako guda a duhu bayan matsalar da ta samu manyan layukan da ke kawo wuta, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna da ɓata-gari suka lalata. A Nijar kuwa, bayan juyin mulkin Yulin 2023 Najeriya ta yanke wutar da take turawa, Yamai da Maraɗi da Damagaram suka sha ɗauke-ɗauke na tsawon watanni. Bambancin a nan shi ne: a haya, idan wuta ta ɗauke a hedikwata, mutanen hedikwata ne kawai suka fita daga taro, su ma sa iya komowa ta waya. A na gida, hedikwata ta yi duhu, kowa ya faɗi, har da baƙon da ke Dubai wanda wutarsa ba ta taɓa ƙiftawa ba.

Sai mutum. Wannan shi ne abin da ba ya fitowa a takardar kiyasi, kuma shi ne ke kashe yawancin irin waɗannan ayyuka. Manhajar taro ƙofa ce a buɗe ga duk duniya, dole a riƙa sabunta ta. A Disambar 2021 aka gano wata mummunar ɓaraka a wani ƙaramin ɓangaren manhaja mai suna Log4j da dubban tsare-tsare ke amfani da shi, Jitsi na cikin waɗanda abin ya shafa. Masu haya suna barci injiniyoyin kamfanonin suka toshe musu. Mai saba a gida kuwa, in bai ji labari ya tashi ya gyara ba, ƙofarsa a wangale ta kwana. Takardar shaidar tsaro, wadda ke tabbatar wa burauza cewa shafi amintacce ne, da yawancin masu saba ke karɓa kyauta daga wata cibiya mai suna Let's Encrypt, kwana 90 take yi, ana saita ta ta riƙa sabunta kanta, amma ƙaramin canji a layin ofis na iya tsayar da hakan ba wanda ya lura.

Na ga wannan da idona a wata ƙungiya da ba zan kama suna ba. Sun kafa Jitsi, ta yi musu aiki lafiya lau kusan shekara. Yaron da ya kafa ta ya samu aiki a Abuja ya tafi. Ranar da za su gana da masu ba su tallafi daga Turai, ƙarfe goma saura kwata, kowa ya danna linki sai burauza ta fito da jan gargaɗi cewa shafin ba amintacce ba ne. Takardar ta mutu tun daren jiya. Shugabar ƙungiyar ta kira ni murya na rawa: "Don Allah Malam, ka zo ka duba mana, Turawan nan suna jira." Na ce, "Hajiya, wa ke da kalmar sirrin sabar?" Shiru. Aka buga wa yaron, wayarsa a kashe, yana cikin nasa taron. A ƙarshe sakatariya ce ta buɗe Google Meet a wayarta, aka yi ganawar a kansa, aka gama cikin minti 55 ana kallon agogo. Gyaran da ya hana su taro bai ɗauke mu minti goma ba da aka samu kalmar sirrin da yamma. Shi ya sa nake cewa duk wanda zai kafa nasa, ma'aikaci ɗaya bai isa ba, sai biyu da suka san tsarin, da takarda a rubuce a aljihun tebur ɗin shugaba. Ka haɗa albashin mutum biyu masu wannan ilimi na shekara, ka ajiye kusa da dala 900 ɗin can, ka ga wanda ya fi nauyi.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajen masu son na gida ita ce sirri, kuma ba ta banza ba ce. A Afrilun 2020 masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto suka gano cewa wasu makullan ɓoye tarukan Zoom suna fitowa daga sabobi a China. A Nuwambar shekarar, hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta zargi kamfanin da yaudarar jama'a kan iƙirarin cewa yana kulle magana daga bakin mai faɗa har kunnen mai ji, suka sasanta bisa sharaɗin ya gyara tsaronsa. A Agustan 2023 an sake yin ca a kansa saboda wasu sharuɗɗa da aka fahimta a matsayin izinin horar da ƙirƙirarriyar basira da bayanan masu amfani, sai da ya fito ya gyara rubutun. Ga kuma dokar CLOUD ta Amurka ta 2018, wadda ta ba hukumomin ƙasar damar neman bayanai daga kamfanoninta ko da a wata ƙasa aka ajiye su. Wanda ke tattauna abin da ya shafi tsaro, ko shari'a mai nauyi, ko lafiyar marasa lafiya, yana da dalilin yin tunani sau biyu.

Amma kafa naka ba laya ba ce. Rundunar sojin Jamus tana da Webex nata, a kan sabobinta. Duk da haka, a ranar 1 ga Maris 2024 kafar RT ta Rasha ta saki naɗin minti 38 na wata tattaunawar manyan hafsoshin sojin saman ƙasar kan makamai masu linzami na Taurus. Ministan tsaro Boris Pistorius ya ce kuskuren mutum ɗaya ne, wanda ya shiga taron daga Singafo ta layin da ba shi da kariya. Idan haka ta samu Jamus, ina ga siton Alhaji? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar yawanci a wajen mutane take: linkin da aka tura a zauren WhatsApp, taron da ba a sa wa kalmar sirri ba, manajan da ya saki lasifika a cikin motar haya. Akwai ma wani abin da ba a cika faɗa ba. A yawancin tsare-tsaren nan, na haya da na gida, mai riƙe da saba yana da hanyar kaiwa ga abin da ke ratsa ta, sai in an kunna kullewar nan ta baki zuwa kunne. To a na gida, wa ke riƙe da saba? Ma'aikacinka. Ka ɗauke sirrinka daga hannun wani injiniya a Kalifoniya da bai san ka ba, bai damu da farashin shinkafarka ba, ka damƙa wa wanda ya san abokan hamayyarka a Singa da Dawanau ɗaya bayan ɗaya. Ban ce zai ci amana ba. Na dai ce a sa wannan a ma'auni.

Ta fuskar doka, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ba ta hana amfani da kamfanonin waje ba. Abin da ta ce shi ne fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa sai da hujja da kariyar da ta dace, kuma alhakin yana wuyan kamfanin da ya tattara bayanan. Nijar na da hukumarta ta kare bayanai, HAPDP, Gana na da dokarta tun 2012. Inda abin ya fi tsauri shi ne bayanan gwamnati, waɗanda ƙa'idojin NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, suka nemi a ajiye su a cikin ƙasa. Mai kwangila da ma'aikatu, da banki, da asibiti, su tambayi lauyansu da hukumar da ke sa musu ido kafin su zaɓa. Mai sayar da taliya da man girki ba shi da wannan ciwon kai.

Haya ma tana faɗuwa, kar a ɗauka ba ta yi. Ranar 16 ga Afrilun 2025 Zoom ya ɗauke na kusan awa biyu saboda wata tangarɗa a rajistar sunan shafinsa. A irin wannan lokaci ba abin da za ka iya sai jira, ba wanda za ka kira ya amsa maka da sunanka. Mai gida kuma yana iya tashin ɗan haya: Microsoft ta rufe Skype for Business na intanet a Yulin 2021, ta rufe Skype ɗin kansa a Mayun 2025, kowa ya tattara ya koma Teams ko yana so ko ba ya so. Kayan aro ba ya rufe katara. To amma waɗanda suka sayi Skype for Business Server na 2015 da 2019 suka ɗora a gida su ma an daina ba su gyara a ranar 14 ga Oktoban 2025. An gudu ba a tsira ba.

Wani abin dubawa shi ne su wa kake taro da su. Idan da ma'aikatanka ne, kai ke da iko, abin da ka kafa shi za su koya. Idan da baƙi ne, banki ko mai kawo kaya daga China ko masu ba da tallafi, to su Zoom da Teams suka sani, wasu ma kwamfutocin ofisoshinsu ba sa barin a buɗe baƙon shafi. Sannan a tuna da na ƙauye mai sanda ɗaya ko biyu na sabis. A abin da na gani, manyan kamfanonin haya sun fi iya lallaɓa raunanan layi: hoto ya dushe, ya tsaya, amma murya ta riƙe. Ko wanne ka zaɓa dai, koya wa mutanenka kashe kyamara ya fi kowace dabara. Bisa alƙaluman Zoom, murya kaɗai kilobit 60 zuwa 80 take ci, wato ƙasa da megabait 40 a awa. Hoto mai kyau kuwa a megabit 1.2 ya haura megabait 500 a awa, ta ɓangare ɗaya kawai. Tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan bambanci a aljihun ma'aikaci yake fita.

Naɗar taro ma tana da nata. A haya maɓalli ɗaya ne. A Jitsi sai an kafa wani ɓangare daban mai suna Jibri, kowane ɗaya taro ɗaya yake naɗa a lokaci guda, kuma yana da cin ƙarfin kwamfuta. BigBlueButton ta fi sauƙi a nan, ga allon rubutu, ga rarraba ɗalibai rukuni-rukuni, ga haɗuwa da Moodle, manhajar da makarantu ke gudanar da darussa a kanta. Makarantar da ke da ɗaruruwan ɗalibai da azuzuwa da yawa a lokaci guda, inda kowane malami zai buƙaci lasisinsa, ita ce wurin da lissafi ke juyawa ya goyi bayan na gida. Babban taron masu hannun jari kuwa, wanda dokar kamfanoni ta 2020 ta halatta wa kamfanoni masu zaman kansu su yi ta intanet, aka faɗaɗa wa na hannun jarin jama'a a 2023, sau ɗaya ake yinsa a shekara. Ba wanda ke gina zauren mutum 500 don biki ɗaya. A ƙara kuɗin wata guda a haya, a yi a gama.

Akwai hanya ta uku, kuma ita nake nuna wa mafi yawan waɗanda suka nace sai sun mallaki nasu. Manhajar taka ce, makullan naka ne, amma sabar ba a ofishinka take ba. Ka kama hayarta, ko ka kai taka a ajiye, a cibiyar ajiyar bayanai irin su Rack Centre a Legas, ko cibiyoyin MainOne da kamfanin Equinix ya saya a 2022 kan dala miliyan 320, ko Galaxy Backbone na gwamnatin tarayya. Wuta da sanyi da layi sun zama nasu, bayananka na cikin ƙasa, kuma ana iya samun mai karɓar naira. Biyu daga cikin matsaloli uku sun kau. Ta ukun, wato mutum, tana nan inda take. Wannan hanya kuma ita ce mafi arhar gwaji: ka kama ƙaramar saba na wata ɗaya, a ɗora Jitsi, a yi tarukan Litinin huɗu a kanta da rassan da suka fi raunin sabis, ba da na kusa ba. Gani ya kori ji. Zoom ma yana da tsarin gauraye, inda murya da hoto ke tsayawa a sabarka, rajista da jadawali su zauna a wurinsu, amma na manyan kamfanoni ne.

Ni dai ga inda na tsaya. Kamfanin da ma'aikatansa ba su kai ɗari ba, mutanensa a warwatse, yawan tarukansa da baƙi, ba shi da sashen kwamfuta mai mutum biyu ko fiye, ya kama haya, ya rage lasisi zuwa iya masu kiran taro, ya ajiye na kyauta guda a gefe don ranar da na kuɗin ya faɗi. Makaranta ko cibiyar horarwa mai azuzuwa da yawa, ko kamfanin da doka ko kwangila ta ɗaure shi da ajiye bayanai a cikin ƙasa, ya bi hanya ta uku. Saba a cikin ginin kamfani kuwa sai ga wanda ya riga yake da ɗakin kwamfutoci mai sanyi, wuta iri biyu, layi daga kamfanoni biyu, da ma'aikatan da ke kula da wasu sabobin tun da can, ta yadda ta taro ƙari ce kawai a kan aikin da ake yi.

Alhaji bai kafa komai a siton nan ba. Da muka buɗe asusun kamfanin muka tarar lasisi 14 ake biya. Uku na mutanen da suka bar aiki ne, ɗaya ma na wani direba da aka buɗe wa bisa kuskure, sauran kuma yawancinsu ba su taɓa kiran taro ko sau ɗaya ba, shiga kawai suke yi. Muka bar huɗu: nasa, na akanta, na manajan Kaduna da na Gusau. Yaron da ya kawo shawarar bai ji daɗi ba, don ya riga ya ƙwallafa rai, sai Alhaji ya yarda a kama masa ƙaramar saba a Legas ya ɗora Jitsi, ma'aikatan sito da direbobi su riƙa ganawar safe a kanta da murya kawai. Kalmar sirrin an rubuta ta a takarda biyu, ɗaya na cikin sef ɗin Alhaji tare da takardun filaye.